Daga ƙarƙashin gado zuwa gidan tarihi: matan da suka mai da tsumma dukiya

MAI karatu, in kana cikin waɗanda suka yi zamanin zuwa shagon haya a ɗauko kaset ko sidi, wataƙila ka taɓa cin karo da wani fim ɗin Amurka mai suna 'How to Make an American Quilt'. Wataƙila ma ka ɗauka ka juya bayan kwalin, ka ga ba bindiga ba dambe, sai wasu dattijan mata sun sa yadi a tsakiya kowacce da allura a hannu, ka ajiye ka ɗauki na Van Damme. Ba wanda zai ga laifinka. Ni ma sai da na tsallake shi ya fi sau uku kafin wata rana rashin abin kallo ya sa na kai shi gida.

Fim ɗin ya fito ne a 1995. Wata 'yar Ostireliya, Jocelyn Moorhouse, ita ce darakta, kamfanin Amblin na Steven Spielberg ne ya shirya, labarin kuma daga littafin Whitney Otto na 1991 aka ɗauko shi. Winona Ryder ce jarumar. Ta fito a matsayin Finn, ɗalibar jami'a wadda saurayinta Sam ya nemi aurenta ta amsa, amma zuciyarta tana ɗar-ɗar. Sai ta tattara takardunta ta nufi gidan kakarta a wani ƙaramin gari a jihar Kalifoniya, wai za ta kammala kundin digirinta ta kuma yi tunani.

A can ta tarar da mata bakwai da suka shekara da shekaru suna haɗuwa suna ɗinkin bargo tare, kuma a wannan karon bargon aurenta za su ɗinka. Kowacce za ta kawo nata yankin, kowane yanki kuma akwai labarin soyayya ko na cin amana a bayansa. Shugabarsu Anna, marigayiya Maya Angelou ce ta hau matsayin, wato shahararriyar marubuciyar nan da ta taɓa zama a Gana a shekarun 1960. Ga kuma Ellen Burstyn da Anne Bancroft a matsayin 'yan'uwan juna masu tsohuwar jiƙaƙƙa. Ita Bancroft, ranar da ta gano mijinta ya ci amanarta da 'yar'uwar tata, sai ta farfasa duk tangaran ɗin adon da ke gidan, ta bi ta manna ɓaraguzan a bangon ɗakin wanki, don kullum ta shiga ta tuna. Shekara da shekaru suna nan manne. Ka ji masu ajiyar tarkace, a ɗaki da kuma a zuci!

To wai shi wannan bargo wane iri ne? Amurkawa suna ce masa kwilt, mu kuma bari mu kira shi bargon ƙyallaye. Hawa uku ne. Na sama ƙyallaye ne kala-kala da aka yanka aka harhaɗa har suka yi faɗin gado. Na tsakiya auduga ce. Na ƙasa kuma yadi ne guda. Sai a shimfiɗa su a kan juna, a ɗaure a jikin katako kamar yadda ake shanya fata, a bi da allura ana soke hawa ukun gaba ɗaya don kada audugar ta dunƙule waje guda. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya ga 'yan lifidi, to ya ga irin wannan ɗinki, domin lifidi ma yadi ne aka cusa wa auduga aka bi shi da ɗinki. Bambancin kawai, namu na kare doki da mahayinsa ne daga kibiya, nasu na kare yara ne daga sanyi.

Fim ɗin ya yi daɗi, ban musa ba. Amma da na zo na san labarin matan wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, sai na ga ashe na fim ɗin somin-taɓi ne.

ƘAUYEN DA KOGI YA YI WA ƘAWANYA

Gee's Bend yana jihar Alabama ne, a kudancin Amurka, cikin gundumar Wilcox. Kogin Alabama ya lanƙwaso ya kewaye shi ta gefe uku, hanya ɗaya tal ce ke shiga ta tudu. A takardun gwamnati sunansa Boykin, amma mutanen garin ba su saki tsohon sunan ba. Wani Bature mai suna Joseph Gee ne ya kafa gonar auduga a wurin a 1816, da bayi baƙar fata. A 1845 gonar ta koma hannun wani Mark Pettway, wanda ya taso bayinsa kimanin 100 daga jihar Karolina ta Arewa, akasarinsu a ƙafa suka yi wannan doguwar tafiya. Shi ya sa har gobe in ka shiga garin ka kira "Pettway", sai mutane da dama sun waiwayo. Ba wai duk dangi ɗaya ba ne. Sunan ubangidan kakanninsu ne ya bi su.

Da aka hana bauta a 1865, mafi yawansu ba su je ko'ina ba. Suka zauna suna noman haya a gonar da kakanninsu suka yi bauta, suna karɓar bashin iri da abinci a wajen wani ɗan kasuwa na garin Camden, wanda ke tsallaken kogin. Ana cikin haka farashin auduga ya faɗi warwas, mai ba da bashin kuma ya mutu. A 1932 magadansa suka turo masu karɓar bashi, suka bi gida-gida suna kwashe duk abin da ke motsi da wanda ba ya motsi: alfadarai, shanu, kaji, garma, fartanya, iri, har da abincin da aka adana. Allah Sarki! A wannan hunturu ba don ƙungiyar Red Cross ta kawo gari da nama ba, da abin ya fi haka muni.

Daga baya gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta sayi gonar, ta gina sababbin gidaje, ta ba da rance, kuma a shekarun 1940 iyalai da dama suka mallaki filayensu. Wannan mallakar fili ita ce sirrin komai. A lokacin da miliyoyin baƙar fatar kudu ke ƙaura zuwa biranen arewa neman aiki, mutanen Gee's Bend da yawa sun zauna saboda suna da abin zama. Shi ya sa ɗinkin ya bi jini bai yanke ba: kaka ta koya wa uwa, uwa ta koya wa 'ya.

A GIDAN NAN BA A YAR DA KOMAI

Wani mai ɗaukar hoto na gwamnati, Arthur Rothstein, ya je garin a 1937. In ka ga hotunansa za ka ga ɗakunan katako waɗanda aka manne bangonsu da tsofaffin jaridu da shafukan mujallu. Ba don ado ba ne, don toshe iskar da ke shigowa ta tsagar katako ne. Ba wutar lantarki, ba na'urar ɗumama ɗaki. Gida kuwa cike da yara, wani gidan goma, wani fiye. Dare ya yi, sanyi ya sauko, sai a jibga barguna a kan yara hawa-hawa, waɗanda ba su samu gado ba a shimfiɗa musu wani a ƙasa. Ke nan kowace uwa dole ta iya ɗinki, ba zancen sha'awa ba ne.

To ina za a samu yadi? Nan ne maganar take. Wandon aikin maigida in ya mutu murus, sai a farke shi, a yanke ƙafafun, a ware inda ya rage da sauran ƙarfi. Rigar yarinya in ta yi mata kaɗan ta bi ƙannenta har ta gaji, ita ma a farke. Buhun fulawa, buhun taki, buhun abincin dabbobi, duk a wanke a dafa su har tambarin ya fita, su zama yadin ƙasa. Audugar tsakiya kuwa, ragowar da ta zube a gona ko a wurin gurza ake tsintowa, a bubbuge ta da sanda har ƙurar ta fita. Har aljihun wando ba ya tsira: in aka ɓamɓare shi, wurin da ya rufe yana nan da shuɗinsa mai duhu alhali sauran ya koɗe, sai wannan ya zama ado a jikin bargon.

Shekarar macen Gee's Bend a tsare take kamar ta kowace manomiya. Da bazara da damina tana gona tare da maza, ana noman auduga da masara. A bayan gida kuma ga lambunta: dankalin Hausa, gyaɗa, kuɓewa, wake, da ganyen miya irin nasu mai kama da kabeji. Mai karatu, ka lura da kuɓewa da wake ɗin nan? Daga Afirka suka tsallaka a zamanin cinikin bayi, har yau kuma su ne ƙashin bayan girkin kudancin Amurka. Haka nan al'adar nan ta tsofaffin gidajen karkarar kudu, ta barin tsakar gida ƙasa zalla ba ciyawa, ana share ta da tsintsiyar reshe har ta yi sumul, masana da dama suna danganta ta da Afirka ta Yamma. Hikimar a fili take: maciji ba ya samun maɓoya, wutar daji kuma ba ta samun abin ci har ta iso ɗaki. Abin da lambu ya bayar a ci wani, a dafa wani a rufe a kwalba don hunturu.

Sai an gama tsintar auduga, sanyi ya shigo, sannan allura ke fitowa sosai. Harhaɗa ƙyallayen sama, wannan kowace mace ita kaɗai take yin nata, da dare bayan yara sun kwanta. Amma soke hawa ukun, wannan aikin gayya ne. Yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan, mata huɗu ko biyar su kewaye katako, suna ɗinki suna waƙoƙin coci, suna hira, ana bai wa juna shawara kan miji da 'ya'ya. Ba mai biyan wata ko sisi.

Kuma ba su cika bin zanen littafi ba. A wasu sassan Amurka, gwanintar mai ɗinkin bargo ita ce kusurwa ta haɗu da kusurwa cif, komai ya yi daidai wa daida. Su kuwa matan nan sai su faro da tsari, a tsakiya su karya shi da gangan, su jefa wani jan ƙyalle inda ba ka zata ba. Zanen da suka fi so shi ne wanda suke kira rufin ɗaki: ƙaramin murabba'i a tsakiya, wani ya kewaye shi, wani ya kewaye wancan, har bakin bargo.

RANAR DA AKA ƊAUKE JIRGIN FITO

Camden ita ce hedikwatar gunduma. Can ne kasuwa, can ne likita, can ne kuma ake rajistar zaɓe. Da jirgin fito, 'yan mintoci ne ka tsallaka. Da mutanen Gee's Bend suka fara tsallakawa suna neman a yi musu rajista, sai a 1962 aka dakatar da jirgin. Tafiyar ta koma ta zagaye, kusan awa guda a mota, ga shi kuma masu motar ba su da yawa. Ka san shekara nawa aka yi kafin jirgin ya dawo? Shekara 44. Sai a 2006.

A farkon 1965 Martin Luther King ya je garin ya yi jawabi a coci, mata da yawa daga cikin masu ɗinkin nan sun bi shi zanga-zanga, wasu sun rasa aiki, wasu an kulle su. Da aka kashe shi a 1968, alfadarai biyu da suka ja amalanken da ke ɗauke da gawarsa a birnin Atlanta daga Gee's Bend aka kawo su.

A cikin wannan rikici ne wani limamin coci, Francis Walter, ya ga barguna shanye a igiya a yankin, abin ya burge shi. Ya riƙa saye a kan dala 10 kowanne, ana kaiwa birnin Niyok ana gwanjonsu, kuɗin su dawo wa matan. Daga nan aka kafa ƙungiyar Freedom Quilting Bee a 1966, a wani ƙauye da ke maƙwabtaka da su, Estelle Witherspoon ta zama manaja. Suka samu kwangila da manyan kantuna, kuma a 1972 kamfanin Sears ya ba su aikin ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri mai layi-layi. Ragowar yankan yadin fa? Haba, kai ma ka sani. Gida aka riƙa kwasowa. Shi ya sa bargunan garin na shekarun 1970 da yawa da wannan yadin aka yi su, ruwan goro da ruwan zuma da kore irin na ganye. Ƙungiyar ta yi aiki har zuwa 2012.

BARGON DA YA KUSA SHAN WUTA

Ga inda labarin ya koma sai ka ce fim. Wajen ƙarshen shekarun 1990, wani mai tara kayan fasaha daga Atlanta, William Arnett, yana duba wani littafin hotuna na Roland Freeman, sai ya ga hoton wata mata, Annie Mae Young, tsaye kusa da tarin itacen girki, an yafa wani bargo a kan itacen. Tsofaffin kayan aiki ne shuɗaye, a tsakiya kuma ja da ruwan goro kamar garwashi. Mutumin nan bai zauna ba sai da ya nemo gidanta.

Da ya nuna mata hoton, sai ta ce tana jin ai ta ƙone shi. Ashe a makon da ya gabata ta yi kwalema, ta fito da wasu tsofaffin barguna ta cinna musu wuta, don hayaƙin auduga yana korar sauro. Washegari ta bincike ɗakuna, ta leƙa ƙarƙashin gadaje, sai ga shi. Ta ce ya ɗauka kyauta. Shi kuma ya rubuta mata cek na dubban daloli, na wannan bargon da wasu da ya haɗa. Nan da nan labari ya zaga gari cewa ga wani Bature can yana ba da kuɗi a kan tsummokara.

A 2002 aka buɗe baje kolin barguna 70 na matan garin a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a Niyok. Mai sharhin fasaha na jaridar New York Times, Michael Kimmelman, ya sa su a sahun ayyukan fasahar zamani mafi ban mamaki da Amurka ta taɓa samarwa. Matan da wasunsu ba su yi nisa a makaranta ba saboda aikin gona, sai ga su a motar safa ana kai su birni-birni, suna ganin wandon mazajensu rataye a bango, 'yan boko suna tsaye suna gyaɗa kai. A 2003 suka kafa ƙungiyarsu ta sayar da barguna. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki guda 10 da hotunan ɗinkinsu. A 2015 uku daga cikinsu, Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway, suka samu babbar lambar yabo ta ƙasa ta masu fasahar gargajiya. Kai, har zanen Michelle Obama da aka ƙaddamar a 2018, mai zanen, Amy Sherald, ta ce rigar da ke jikin uwargidan ta tuna mata da bargunan Gee's Bend.

Amma fa kada ka ɗauka komai ya tafi sumul. Suna ya tafi duniya, an buga zanen bargunan a jikin darduma da kofuna da katuna, garin kuwa yana nan cikin gundumomin da suka fi talauci a Amurka. A 2007 wasu daga cikin matan, ciki har da ita Annie Mae Young, sun kai iyalan Arnett ƙara suna cewa ba a biya su haƙƙinsu yadda ya kamata ba. Su Arnett sun musa, a 2008 kuma aka rufe shari'ar ba tare da an kai ga hukunci ba. Duk wanda ya san yadda ake yi tsakanin mai fasaha da ɗan kasuwa, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnensa. Sai a 2021 ne da yawa daga cikinsu suka buɗe shagunansu a dandalin Etsy na intanet, suna sayarwa da kansu, da sunansu, a farashin da suka yanka. Mai son ganin fuskokinsu ya nemi fim ɗin gaskiya na 'The Quiltmakers of Gee's Bend', ko gajeren nan 'While I Yet Live' na 2018. Waƙoƙinsu kaɗai sun isa su sa tsigar jikinka tashi.

MASU KAYA SUN RASA INDA ZA SU SA

Wani abin dariya kuma abin tausayi, a ƙasar da waɗannan mata suka rasa ƙyallen da za su rufe yara, yau babbar damuwar gidaje da yawa ita ce kaya sun yi yawa. Har sana'a ce guda, koya wa mutane rage tarkace. Wadda ta fi suna ita ce Marie Kondo, 'yar Japan, wadda shirinta ya fito a Netflix ranar 1 ga Janairu, 2019. Dabararta: ka kwaso duk tufafinka ka tara a kan gado, ka ɗauki kowanne a hannu, in ya faranta maka rai ka ajiye, in bai yi ba ka gode masa ka sallame shi. Bayan fitowar shirin, shagunan karɓar kayan sadaka a Amurka sun yi ta ba da labarin yadda kaya suka yi musu ambaliya. Ita kanta gwanar, a 2023, bayan ta haifi ɗa na uku, ta fito ta ce gidanta yanzu a hargitse yake, kuma ta haƙura. Iyaye mata a ko'ina suka ce, yawwa, yanzu kika zo.

Tambayar da shirin bai tsaya amsawa ba ita ce: in an sallami rigar, ina ta nufa? Mu ne za mu ba da amsa. Abin da shagunan can suka kasa sayarwa, a matse shi a dila, a loda a jirgin ruwa. Shi ne gwanjon da ake zaɓa a Ƙofar Wambai a Kano, shi ne kuma ya cika kasuwar Kantamanto ta birnin Ankara a Gana, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a kasuwar ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa, wasu har bakin teku. Ni dai a ganina, tsakanin mai gode wa riga ta jefa ta a leda, da mai farke ta ta rufe ɗanta da ita, ta biyun ce ta fi iya godiya.

ALLURAR SA-KAI

Aikin gayyar nan bai mutu ba, sauya kama ya yi. A garuruwan Amurka manya da ƙanana za ka samu ƙungiyoyin masu ɗinkin bargo suna haɗuwa mako-mako ko wata-wata, a zauren coci ko ɗakin karatu na unguwa. Akasari mata ne, da yawa 'yan fansho, waɗanda in ba a lambu suke ba to suna gaban keken ɗinki. Ba sai ka iya ɗinki ba: wata yanka ne nata, wata guga, wata haɗa kala, wata kuma shayi kawai take dafawa ta kawo labari. Yadin da suke aiki da shi sau da yawa kyauta ne. Tsohuwa ta rasu, 'ya'yanta sun zo kwashe ɗaki, suka tarar da kwali-kwali na yadin da ta saya ba ta kai ga ɗinkawa ba, sai su kai wa ƙungiya. Su ma masu ɗinkin suna yi wa kansu dariya a kan wannan, domin kusan kowacce tana da kabad cike da yadi da ayyukan da ta faro ba ta gama ba. Wato sana'ar da aka ƙirƙira don cinye tarkace ita ma ta haifi nata tarkacen.

Ina bargunan ke zuwa? Akwai ƙungiyar Project Linus, wadda Karen Loucks ta faro a 1995 a jihar Kolorado bayan ta karanta labarin wata ƙaramar yarinya mai ciwon daji da ba ta rabuwa da bargonta a duk lokacin da za a yi mata magani. Ya zuwa yanzu 'yan sa-kai sun raba miliyoyin barguna ga yara a asibitoci da gidajen marayu da wuraren da bala'i ya auka wa. Su kam ba sa karɓar tsumma: dole bargon ya zama sabo, ɗinkin hannu, mai wankuwa, ba warin taba ba gashin kyanwa, tunda jikin marar lafiya zai hau.

Mafi girma duka shi ne bargon tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe, wanda Cleve Jones da abokansa suka faro a San Faransisko. Kowane yanki ƙafa 3 ne da ƙafa 6, wato girman kabari, kuma dangi ko abokan mamacin ne ke ɗinka shi, sau da yawa da tufafinsa. Ranar 11 ga Oktoba, 1987 aka fara shimfiɗa shi a babban filin birnin Washintan da yanki 1,920. Yau ya kai kusan yanki 50,000, nauyinsa ya haura tan 50. Fim ɗin gaskiya da aka yi a kansa, 'Common Threads', wanda Dustin Hoffman ya yi wa sharhi, ya ci kyautar Oscar a 1990. Su ma matan Gee's Bend, da annobar korona ta zo a 2020, ajiye barguna suka yi suka koma ɗinka takunkumin fuska suna raba wa mutanen garinsu.

Amma a duk bargunan nan, wanda ya fi tsaya mini a rai na wata mata ce mai suna Missouri Pettway. Mijinta Nathaniel ya yi doguwar jinya ya rasu, ya bar ta da yara. 'Yarta Arlonzia ta ba da labarin cewa bayan rasuwar, uwar ta kira ta ta ce ta zo ta taya ta farke kayan aikin babanta, domin tana so ta yi bargo da su ta riƙa rufa tana tunawa da shi. Duk abin da ya mallaka na sawa bai taka kara ya karya ba: 'yan wanduna da 'yan riguna na zuwa gona. Suka zauna su biyu suka farke, suka yanka, uwar ta harhaɗa. A 1942 ke nan.

Bargon yana nan har yau, a babban gidan adana kayan fasaha na ƙasa da ke Washintan. Ba shi da wata kala mai ɗaukar ido, toka-toka ne da shuɗi da fari-fari, sai ɗan ja nan da can. In ka matsa kusa za ka ga inda gwiwar wandon ta koɗe, da tabon ƙasar gona da wanki bai fitar ba.